Jikan Gardi A Kejin Kura

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata cikin damina ba, a shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Talata Mafara. Ko na so in manta mutanen gari ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya ɗago daga rumfarsa ya ce, "Malam, ya jiki? An koma daidai ko?" alhali ban yi ciwo ba.

A lokacin saurayi ne ni, mai koyar da ilimin halittu, mai son guga da turare. Ina neman auren Rukayya, ɗiyar Malam Shehu, malamin zaure da duk unguwarmu ke jin nauyinsa, kuma magana ta riga ta kai gaban manya. Ina da aibi biyu da ya kamata ku sani tun yanzu. Na farko cika baki. Na biyu kuwa, in tsoro ya kama ni sosai ba kuka nake yi ba, ba ihu ba, dariya ce ke kuɓuce mini, wata siririya mai fita ta hanci tana hawa sama tana yankewa. Tun ina yaro haka nake. (Na sha ƙarin bulala a makarantar allo saboda ita, don malam gani yake raini ne.)

Wata rana ina koyar da 'yan aji biyar, na ba su tarihin gidan namun daji yadda na karanto shi. Na ce sarakunan dā su suka fara tara zakuna da giwaye a bayan fada, don baƙo ya gani ya san ya zo wurin mai iko. Daga baya aka buɗe wa talakawa, aka sa ƙofa da tikiti, kowa ya zo ya yi kallo. Na ce yanzu kuma duniya ta fara jin kunyar kejin, ana faɗaɗa wa dabbobi wuri, ana cewa kiyaye su ake yi kada su ƙare. Wata yarinya mai suna Nafisa, wadda ba ta barin magana ta wuce ba ta tanka ba, ta ɗaga hannu.

"Malam, mu nan ƙasar ba mu da namu ne?"

Na ce muna da gardawa, masu yawo da kura da mesa da gwaggon biri kasuwa-kasuwa. Da na tsaya a nan da an rabu lafiya. Sai na ji bakina ya ce, "Ai ni kaina jikan gardi ne. Kakana a Maradun da hannu ɗaya yake riƙe kura. Mu a gidanmu kura ba ta iya haɗa ido da mu, jini ne."

Gaskiyar magana, abin da na sani game da kakana shi ne abin da kakata ta taɓa faɗi, wai ba a yin wasan kura a Maradun ba shi a wurin. Sauran duk ni na gina a kai.

To, a bayan gari, ta hanyar Bakura, akwai wani tsohon gida mai doguwar katanga da ake kira gidan Alhaji Mai Jimina. Attajiri ne da ya yi zamaninsa, ya tara dabbobi iri-iri a gidan, in ya yi manyan baƙi nan yake kai su, da salla kuma a buɗe wa yara. Da ya rasu magada suka watse birane, aka bar gidan da abin da ya rage a cikinsa a hannun wani tsoho, Baba Sanda. An ce har yanzu akwai kura a ciki. 'Yan aji suka tasa ni gaba sai na kai su, shugaban makaranta ya amince, ya haɗa ni da Malama Hajara mai koyar da lissafi don ta kula da 'yan mata.

Mun isa gab da azahar, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Baba Sanda ya buɗe mana ƙofa. Dogo ne, ya rame, hannunsa na hagu yatsu uku ne kawai. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi damina, ya tambayi iyaye, ya sake komawa kan gida, duk bai kalli fuskata ba, yaran yake ƙirgawa da ido.

"Ku bi sannu," ya ce. "Ban da ihu, ban da jihwa. Wurin ga ba ya son hayaniya."

Muna shiga surutun yara ya mutu da kansa. Ciyawa ta kai gwiwa, sai 'yar hanyar da ƙafar mutum ɗaya ta fitar. Kejoji ne jere hagu da dama, kowanne da farantin kwano an rubuta suna da fenti: BAREWA, JIMINA, MESA, DILA. Duk babu komai a ciki. Kududdufin kada ya rufe da gansakuka, ruwan ko motsi ba ya yi. Ranar kasuwa ce, amma ko ƙarar babur ba ka ji a gidan nan, kuma na lura duk yawan itatuwan wurin babu tsuntsu ko ɗaya. Abin da muka samu da rai shi ne wani ƙaton kunkuru da ya sa kai a kusurwa, sai wani tsohon gwaggon biri da ya ba mu baya yana tsinke gashin hannunsa sili-sili yana jerawa a ƙasa. Yara suka jefa masa gyaɗa, ko waiwayowa bai yi ba.

Kejin kura yana can ƙarshen gida, ƙarƙashin wata tsamiya, kusa da ɗakin Baba Sanda. Siminti ne da rodi, tsawonsa iya ƙirjina. An rubuta KURA da jan fenti. Ƙofar a ɗan buɗe take, wani ƙaton kwaɗo na rataye a jikinta ba a danna ba, ga wata tsohuwar sarƙa mai tsatsa an saƙale a rodi. Ciki babu komai.

"Baba, ina kurar?" na tambaya.

"Ba ta ganuwa yau."

"Ta mutu ne?"

"Tana ciki," ya ce, bai ƙara ba.

Na leƙa kejin, na ga babu wani ciki. Sai na yanke wa kaina cewa kurar ta daɗe da mutuwa, tsohon yana riƙe da sunanta ne kada magada su sallame shi. Hankalina ya kwanta, don tun safe nake fargabar haɗuwa da ita. Da na tabbata babu kura, sai jarumta ta sauko mini gaba ɗaya.

Na juya na ba kejin baya, na fuskanci yara. Na ce, "Kun gani ko? Ta ji ƙanshin jini ta ɓuya." Suka yi dariya, wasu suka tafa. Na cire sarƙar nan daga rodi na fara ja a kan siminti, tana ƙara.

"Malam," Baba Sanda ya ce a hankali, "aje sarƙan nan."

Ban ajiye ba. Na ɗauki wani kara na bugi rodin sau uku, na buɗe murya na yi kirarin da na ƙirƙira nan take: "Amina mai tafiyar ɗingishi! Fito ga jikan mai sarƙa! Fito ki gaida ubangidanki!"

Gwaggon birin nan da ko kallo ba mu ishe shi ba ya saki wata ƙara guda ɗaya, ya yi shiru. Iska ta tsaya. Wani wari ya bugi hancina, kamar na tsohuwar fata da ruwa ya jiƙa. Yara suna fuskantata, ni kuma ina fuskantar ɗakin Baba Sanda da ke bayansu, saboda haka ni kaɗai na ga buhun da aka yi labule da shi ya motsa. Wani faffaɗan kai ya turo, sannan kafaɗu masu tudu, sannan sauran jikin. Ta tsaya a bakin ƙofa tana shinshina iska, ta nufo mu.

A nan ne ya kamata malami ya ce, "Yara, ku matsa a hankali." Ina so in ce muku na faɗa, amma ban ce komai ba. Na saki sarƙa, na sunkuya, na faɗa cikin kejin, na jawo ƙofa, na zura hannu ta tsakanin rodi na danna kwaɗo. Ƙas! Na bar yara arba'in da mace ɗaya a waje tare da kura.

Malama Hajara ce ta waiwaya ta gani. Ba ta yi ihu ba (wannan ya fi komai ƙona mini rai daga baya). Ta buɗe hannuwa ta tsaya tsakanin kurar da yaran, ta ce, "Kowa ya nufi ƙofa." Sun yi taku uku a natse, sannan wani ya waiga ya kwarma ihu, aka watse cikin ciyawa. Kafin ka ce kwabo gidan ya koma shirunsa, sai takalma warwatse a hanya. Baba Sanda ya bi bayansu ya sa sakata a ƙofar gida.

Kurar ko kallonsu ba ta yi ba. Wurina ta zo. Tana ɗingishi, bayanta ya zube, gashinta ya tsittsinke. Ta iso bakin kejin, inda sarƙar ta faɗi, ta shinshina ta, sai ta zauna ta miƙa wuya ta sunkuyar da kai ƙasa, ta tsaya a haka ba motsi. Tsakanina da ita bai kai kamu biyu ba. Idonta ɗaya fari ne fat, ɗayan kuma ta ɗago shi ta ƙura mini. Na ce kura ba ta haɗa ido da 'yan gidanmu, to ni ne na fara kawar da kai.

Da na kawar da kai ne na ga inda nake. Ba a iya miƙewa tsaye, dole sai a durƙushe. A jikin siminti, tun daga wannan bango har wancan, akwai wani kwari a ƙasa mai santsi kamar an goge shi da dutse, ya bi gefen rodi ya juya ya dawo. Bangon baya duk zane ne na farce, wani kan wani, har an kai ga bulo. Rodi biyu na tsakiya sun lotsa, sun yi fari a daidai tsayin baki. Na ja jiki don in nisanta da ita, sai na ga gwiwoyina da tafin hannuna sun faɗa cikin kwarin nan daidai, kamar ni aka auna.

Baba Sanda ya dawo ya tsuguna kusa da ita, ya ɗora hannunsa mai yatsu uku a wuyanta.

"Takunkumi take jira," ya ce. "In ta ji sarƙa, ta san za a hita kasuwa. Shekaru nawa rabonta da shi, amma ba ta manta ba."

"Baba, don Allah buɗe ni," na ce, muryata kamar ta akuya.

"Da mi?"

"Da makulli mana."

"Makulli na cikin rijiya."

Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin gero. Sannan, yana shafa wuyanta, ya ba ni labarin da ban tambaya ba. Shi gardi ne na gaske. Shi ya tono ta daga rami a duwatsun wajen Maradun tana 'yar mitsitsiya, ya sa mata takunkumi, ya ja ta kasuwanni, ana kiɗa yana hawan bayanta, mutane na watsa kuɗi. Ita ta cinye masa yatsu biyu. Da ƙarfinsa ya fara ja baya Alhaji ya saye ta, ya ɗauke shi aiki, aka gina mata wannan kejin.

"Kwarin ga da kake ciki, ƙahwarta ta yi shi," ya ce. "Dare da rana tana kai da komo. Haƙoranta ga rodin nan sunka ƙare. Ni kau ina nan zaune ina kallo, ban ga komi ba, don wurinmu dabba abin kallo ce. Sai bayan Alhaji ya rasu, kowa ya watse, munka rage ni da ita. Wata rana na dube ta na ce, ranar da anka tsaida ni gaban Allah, in anka kawo wagga, mi zan ce? Na buɗe, na jehwa makulli rijiya. Ka san kwana nawa ta yi ba ta hito ba, ƙohwa na buɗe? Kwana tara."

Kwaɗon kuma ya bar shi rataye ne don in magada sun leƙo su ga kamar ana rufewa. Tun daga nan a ɗakinsa take kwana, yana jiƙa mata kayan ciki daga mahauta don ba ta iya tauna ƙashi.

Ya ɗan dube ni. "Jikan wa kake Maradun?"

Na faɗi sunan kakana.

Kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. "Mai ƙuli-ƙuli? Allah shi jiƙan shi. Gaskiya ne bai rasa wasa. Bisa katanga yake zama da tirenai, in kura ta yi atishawa sai a tsince shi bayan katanga."

Ban samu damar jin kunyar wannan yadda ya kamata ba, domin a lokacin ne muka fara jin wani gunji daga nesa, kamar ruwa na tahowa. Ba ruwa ba ne, mutane ne. Baba Sanda ya miƙe da sauri, ya kama kurar ta wuya ya mai da ita ɗaki, ya saki labule, ya jawo ƙyaure.

Daga baya na bi sawun maganar na ji yadda ta yi tafiya. Yara sun fita titi suna ihu, "Kura ta fito, Malam ya shiga!" Malama Hajara tana can tana tattara su ta mai da su makaranta, babu mai yi wa kowa bayani. Kafin maganar ta kai tasha ta zama kura ta shiga Malam. Tana isa kasuwa ta zama kurar gidan Alhaji ta rikiɗa ta zama mutum, yana nan cikin keji da riga da hula. Ranar Talata ce, ga mutanen Ruwan Gizo, ga na Damaga, ga na Kaya, kowa ya bar abin da yake saye.

Kawunan mutane na fara gani a saman katanga. Sannan ƙofar gida ta ɓalle. Suka cika wurin, wasu da gora, wasu da adda, amma babu wanda ya matso kusa. Suka yi da'ira nesa da kejin suka yi tsit. Ku auna abin da suka gani: keji an rubuta KURA, kwaɗo a danne ya yi tsatsa, a ciki ga mutum a kan gwiwa da hannu, farar shadda ta yi dumu-dumu, gashin kura ya manne masa a jiki. Sama ta yi baƙi ƙirin.

Ban taɓa sanin ido yana da nauyi ba sai ranar. Ɗaruruwan idanu, kuma babu ɗaya da ke kallona a matsayin mutum. Na ji ana magana a kaina kamar ba na wurin.

"Dubi idonai."

"Bai gama komawa ba, dubi yadda ya durƙusa."

"Ni na san shi, yana sayen tsire wurina. Dā ma na ga yadda yake cin nama."

Baba Sanda yana ta cewa, "Jama'a, malamin makaranta ne," muryarsa ba ta zuwa ko'ina. Na buɗe baki in yi sallama, in faɗi sunana da na ubana. Sai dariyar nan ta zo. Na ji ta tana tasowa daga ciki, na danne, na toshe baki da hannu, ta fita ta hanci: hi-hi-hi-hiii.

Wata mata ta yi salati ta faɗi. Da'irar ta ja baya gaba ɗaya, sannan dutse na farko ya bugi rodi. Na biyu ya shigo ya wuce ta gefen kunnena. Ni kuwa tsoro na ƙaruwa, dariya na ƙaruwa, hawaye na zuba. Na ji wani yana cewa a kawo fetur. A nan na san abin ya wuce wasa.

"Ku ba Malam hanya! Ku ba Malam hanya!"

An je an ɗauko malami ya yi wa abin addu'a. Cikin duk malaman da ke garin Mafara, wanda aka samu kusa shi ne Malam Shehu. Ya taho da carbi a hannu, yana karatu a hankali, wani na biye da shi da buta. Ya matso har bakin keji, abin da babu wanda ya yi, ya ɗebi ruwa ya watsa mini a fuska. Ya sunkuya ya leƙo. Muka haɗa ido.

Mutumin da ban taɓa ɗaga kai a gabansa ba, wanda in na hango shi a hanya nake cire takalmi in tsuguna. To, ga shi na tsuguna.

"Barka da rana, Malam," na ce. (Ban san abin da ya sa na ce haka ba. Me ake cewa?)

Ya daɗe yana kallona. "Kai ne?"

"Ni ne, Malam."

"Mi kake yi nan?"

Bai jira amsa ba. Ya sa ni na karanta Fatiha da ƙarfi, na karanta. Ya miƙe ya ce wa jama'a wannan mutum ne, ya san shi, ya san iyayensa. Aka ɗan lafa. Sai wani mai gora daga baya ya ɗaga murya.

"To Malam, in ba shi ne kurar ba, ina kurar?"

Na dubi Baba Sanda, yana tsaye ya jingina da ƙyauren ɗakinsa. Na san in aka ji kura a sake take cikin gari, da goran nan za a gama da ita. Shi ma ya sani. Ban yi magana ba, amma kada ku ɗauka kirki ne, harshena ne ya ƙafe. Gunaguni ya fara tashi, wani dutse ya zo ta saman kafaɗar Malam ya same ni a goshi, jini ya gangaro mini a ido.

Baba Sanda ya dube ni, ya dubi jinin. Ya juya ya buɗe ƙyaure.

Ya fito da ita ba sarƙa ba takunkumi, hannunsa kawai a wuyanta. Mutane suka hau junansu. Ita kuwa da ta ga taro, sai ta zauna ta miƙa wuya ta sunkuyar da kai kamar ɗazu. Ya tsuguna ya buɗe bakinta da hannu ya nuna wa kowa. Dasashi ne kawai da guntayen haƙora biyu-uku.

"Ga ta," ya ce. "Ga abin da kuke nema. Ta girmi rabinku. Wanda zai buge ta shi hwara da ni."

Babu wanda ya motsa. Malam Shehu ya taka ya tsaya kusa da tsohon, ya ce duk wanda ya ɗaga sanda a kan dabbar da ba ta yi masa komai ba, shi da Allah. Aka sassauke gora. Sannan ya juyo kaina.

"Kai kuma, hwaɗa ma jama'a da bakinka yadda anka yi, don magana ta mutu nan."

Haka na kama rodi da hannu biyu, jini a fuska, na yi jawabi mafi tsawo a rayuwata. Na ce ni na ja sarƙa. Na ce ni na fara ganinta ban gaya wa kowa ba. Na ce ni na kulle kaina na bar ɗalibaina da Malama a waje. Malam ya ce, "Da batun kakanka," domin Baba Sanda ya raɗa masa. Na ce kakana ƙuli-ƙuli yake sayarwa.

Dariyar da aka yi har yau ina jin ta. Wanda ya ce a kawo fetur shi ya fi kowa, har da riƙe ciki.

Aka aika aka kira maƙeri. Kwaɗon na dā ne, zarto ya yi ta zamewa, ya fi awa ɗaya yana gurzawa. Ruwa ya sauko, amma mutane ba su tafi ba, suka fake ƙarƙashin tsamiya suna kallona. Waɗanda ba su samu gani ba aka matsa musu, wani ya ɗaga ɗansa a wuya yana nuna masa ni. Wata tsohuwa, cikin tausayi tsakani da Allah, ta jefo mini ƙullin gyaɗa ta tsakanin rodi. Na ci, don yunwa nake ji.

Ba a ƙare a nan ba, kuma sauran ba abin dariya ba ne. Labari ya kai ga magada da hukuma. Bayan mako biyu ma'aikatan gandun daji suka zo da mota, suka ce ba a barin kura a sake cikin mutane, ko da haƙori ko babu, za a kai ta babban gidan namun daji a birni. Ba su yi ƙarya ba, aikinsu suka yi. Na je ranar, na tsaya daga nesa. Kurar ta ƙi shiga akwatin ƙarfen da suka kawo. Sai da Baba Sanda ya ɗauko sarƙar nan da hannunsa ya ja ta a ƙasa, ta ji ƙarar, ta sunkuyar da kai ta bi shi ciki.

Na matsa na tsuguna na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na jawo."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya naɗe tabarmarsa da butarsa, ya hau bayan motar ya zauna jikin akwatin. Ma'aikatan suka ce babu wurinsa, ya ce to su sauke shi da hannunsu. Suka ƙyale shi. Motar na tashi ya dube ni ya ce, "Kai awa biyu ka yi ciki, Malam." Ban sake ganinsa ba. Wani direba ya ce ya taɓa ganin wani tsoho mai yatsu uku yana shara a gidan namun dajin can, ban sani ba ko shi ne.

Makaranta kuwa na samu takardar gargaɗi, kuma na yi zango guda ina sunkuyar da kai in na haɗu da Malama Hajara. Yara suka sa mini suna Malam Kura, ya bi ni har yau, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin. Batun aure na riga na fid da rai. Sai ga saƙo daga Malam Shehu cewa a turo a sa rana. Kawuna ya tambaye shi ko bai ji abin da ya faru ba. Ya ce ai yana wurin, kuma ya yi tunani: mutumin da ke gudu haka ba zai bar masa ɗiya cikin takaba da wuri ba.

Har yanzu ina koyar da darasin gidan namun daji kowace shekara, amma na daina kai yara kallon keji. In sun matsa, sai in ce su tambayi iyayensu labarina, ya ishe su. Abin da na koya kuma bai da yawa. Kafin ka yi gadon jarumtar kakanka, ka bincika tukuna me yake sayarwa. In kuma za ka gudu, ka duba abin da aka rubuta a saman ƙofar da za ka shiga.